Tasirin tsayin wuri a kan babur mai fetur da babur mai lantarki wajen hawan tudu

Tasirin tsayin wuri a kan babur shi ne canjin da ake samu a ƙarfin babur, da gudunsa, da yawan man da yake sha ko cajin da yake ci, gwargwadon yadda wurin da ake tuƙa shi ya ɗaga sama da matakin teku. Injin fetur yana buƙatar iska kafin ya ƙona mai, ita kuwa iska raguwa take yi duk lokacin da aka ƙara yin sama. Saboda haka babur mai fetur yakan rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 100 da aka hau. Babur mai lantarki ba ya ƙona komai, don haka ƙarfin da yake da shi a gindin dutse shi ne yake da shi a ƙololuwa. Nasa matsalolin su ne zafin inji, da nauyin batir, da saurin ƙarewar caji idan hawan ya yi tsawo.

An fi ganin wannan bambanci a gasar hawan dutsen Pikes Peak ta ƙasar Amurka, inda babur mai lantarki ya doke dukkan baburan fetur a shekarar 2013. A Najeriya batun ya shafi masu tuƙi a tsaunukan Jos da Mambila. A shimfiɗaɗɗun wurare irin su Sule Tankarkar da Gumel da Maigatari da Gagarawa a arewacin Jihar Jigawa kuwa, zafin rana da yashi sun fi tsayin wuri tasiri.

Yadda iska take raguwa

Iska tana da nauyi, kuma ta sama tana danne ta ƙasa. A bakin teku matsin iska ya kai kimanin kilofaskal 101. Idan aka hau mita 1,200 yakan sauka zuwa kimanin 88, a mita 4,300 kuwa bai wuce 60 ba. Kason oksijin da ke cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin 100 ne a ƙasa da sama. Abin da yake raguwa shi ne yawan iskar da ke cikin kowace lita. Mutum ma yana jin wannan a jikinsa, shi ya sa baƙo yake saurin haki a kan dogayen tsaunuka.

Zafi ma yana rage kaurin iska, domin iska mai zafi buɗewa take yi. Sanyi kuma yana ƙaruwa da tsayi, inda ma'aunin zafi yake sauka da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000. Wannan sanyi yana ɗan mayar wa iska kaurinta, amma bai isa ya rufe giɓin da raguwar matsi ta haifar ba.

Injin fetur

A lokacin da fistin ya yi ƙasa a matakin shaƙar iska, yana zuƙo iska daidai cikin silinda. Injin cc 100 yana zuƙar abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na lita ba a kowane zagaye, ko a Legas yake ko a kan dutse. Kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan iskar da ta shiga ta yi ƙaranci, man da zai ƙone ma sai ya ragu, ƙarfin da yake tura fistin ya ragu tare da shi. Murɗa totur har ƙarshe ba ya magance wannan, domin totur ƙofa ce kawai, ba ya ƙara wa iskar waje kauri.

Yawancin baburan haya da ake gani a arewacin Najeriya, kamar Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, ƙanana ne masu inji tsakanin cc 100 da 150. Mai cc 100 yana ba da kimanin ƙarfin doki 8, wato kusan kilowat 6, idan yana da lafiya kuma yana bakin teku. Bisa lissafin kashi 1 cikin 100 a duk mita 100, ga kusan abin da zai rage masa a wurare daban-daban:

* Legas, dab da matakin teku: doki 8.
* Gumel da kewayenta, ƙasa da mita 400: kimanin doki 7.7.
* Jos, kimanin mita 1,200: kimanin doki 7.
* Tsaunin Mambila, kimanin mita 1,600: kimanin doki 6.7.
* Ƙololuwar Pikes Peak, mita 4,302: ƙasa da doki 5.

A miƙaƙƙiyar hanya mai tuƙi ba lallai ya lura da wannan ragi ba, domin ba ya amfani da dukkan ƙarfin injin. A hawa ne abin yake fitowa fili. Misali, babur da direba da fasinja da kaya da suka kai kilo 250, idan za su hau tudun da yake ɗagawa da mita 10 a duk mita 100 a kan gudun kilomita 40 a awa, ɗaga nauyin kaɗai zai cinye kimanin kilowat 2.7, wato fiye da doki uku da rabi. Ba a ma sa abin da iska da taya da sarƙa suke ci ba. Ɗan rarar da ta rage ita ce ake wuce babbar mota da ita ko a ƙara wuta bayan kwana, kuma ita ce take fara tafiya idan iska ta ragu.

Kafireto da injekta

Babur mai kafireto yana da matsala ta biyu. Kafireto yana auna mai ne da gudun iskar da take ratsa maƙogwaronsa, kuma an saita shi ne bisa kaurin iskar ƙasa. A kan tsauni nauyin iskar yana raguwa fiye da yadda man da ake zuƙowa yake raguwa, sai mai ya rinjayi iska. Alamomin haka su ne baƙin hayaƙi daga salansa, da fulogi mai baƙi, da inji mai shaƙewa idan aka murɗa totur, da shan mai fiye da ƙima. Makanikai suna gyara wannan ta hanyar sa ƙaramin jet ko sauke allurar kafireton. Sai dai wanda aka yi wa wannan saiti ya kamata ya mayar da shi idan ya sauko ƙasa, domin a nan iska ce za ta rinjayi mai, injin ya riƙa ɗaukar zafi, har fistin ya iya lalacewa.

Babur mai injekta yana da na'urorin da suke auna matsin iska da zafinta, sannan ƙaramar kwamfuta ta rage mai daidai da haka. Wannan yana hana ɓarnar mai da baƙin hayaƙi, amma ba ya dawo da ƙarfin da aka rasa. Abin da yake iya dawo da shi shi ne tabocaja, na'urar da take ɗura iska cikin inji da ƙarfi. Ana yawan sa ta a motocin tsere da manyan motocin dizal, amma da wuya a same ta a babur, saboda tsada da nauyi da zafin da take ƙarawa.

Injin lantarki

Injin lantarki yana juyawa ne da ƙarfin maganaɗisu. Wuta tana fitowa daga batir, ta bi ta na'urar da take sarrafa ta, ta shiga naɗaɗɗun wayoyin tagulla, su kuma su ja maganaɗisun da yake juya taya. Babu wani mataki a nan da yake buƙatar oksijin, kuma batirin litiyam a rufe yake, ba ya shaƙar iska.

Akwai wasu abubuwa biyu da suke taimaka masa a hawa. Na farko, yana ba da cikakken ƙarfin juyi tun daga tashi, alhali injin fetur sai ya ɗauki gudu kafin ƙarfinsa ya fito, shi ya sa ake sauke giya a tudu. A hanya mai yawan kwana, inda ake taka birki a sake tashi sau da yawa, wannan yana da muhimmanci. Na biyu, yana mayar da kashi 85 zuwa 90 ko fiye na wutar da ya karɓa zuwa motsi, yayin da ƙaramin injin fetur yake mayar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin man, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi.

Ƙarancin iska yana rage turjiyar da babur yake fuskanta idan yana gudu. Duka nau'o'in biyu suna cin wannan moriya, amma mai lantarki ne yake samunta ba tare da ya biya da ƙarfinsa ba.

Inda babur mai lantarki yake da rauni

Zafi shi ne na farko. Injin lantarki da na'urar sarrafa wuta da batir duk suna ɗaukar zafi idan aka daɗe ana jan wuta mai yawa, kuma akasarin ƙananan babura iska ce take sanyaya su. Siririyar iskar tsauni ba ta kwashe zafi kamar ta ƙasa. Idan zafin ya kai wani mataki, na'urar sarrafawa da kanta take rage wuta don kada wayoyi su ƙone ko maganaɗisu ya yi rauni, sai mai tuƙi ya ji babur ya yi sanyi a tsakiyar hawa. Wannan ya fi damun baburan da aka sa injinsu a cikin cibiyar taya, domin ba su da giya, kuma tafiya a hankali da kaya mai nauyi ita ce ta fi zafafa su.

Na biyu shi ne caji. Ɗaga kilo 250 zuwa tsayin mita 1,000 yana cin kimanin kilowat-awa 0.7 ko da babu asarar komai, ban da abin da tafiyar kanta take ci. Batiran baburan haya na lantarki sukan ɗauki kilowat-awa 2 zuwa 4 ne kawai. Lita ɗaya ta fetur kuwa tana ɗauke da kimanin kilowat-awa 9, ga shi ana cika tanki cikin minti biyu. Kilo ɗaya na fetur ya ninka kilo ɗaya na batirin litiyam ƙarfi fiye da sau 40. Ko bayan an cire asarar da injin fetur yake yi, tazarar tana da yawa, kuma nauyin batir ba ya raguwa yayin da cajin yake ƙarewa.

Wasu babura suna da birkin da yake mayar da caji, inda injin yake komawa janareta a gangara ya mayar wa batir wani ɓangare na abin da hawa ya ci. Wannan yana kuma rage wa birki zafi a doguwar gangara. Ba duka ake samu ba, kuma ba kowane babur ne yake da shi ba.

Na uku shi ne sanyi. Batirin litiyam ya fi aiki a tsaka-tsakin yanayi, kimanin digiri 15 zuwa 35. A tsananin sanyi wutar da yake bayarwa tana raguwa, kuma yi masa caji a ƙasa da digiri 0 yana iya lalata shi. Wannan ya fi shafar dogayen tsaunukan ƙasashe masu dusar ƙanƙara.

Gasar Pikes Peak

Pikes Peak dutse ne a jihar Kolorado ta Amurka. An fara gasar hawansa a shekarar 1916, bayan da attajiri Spencer Penrose ya gyara hanyar da take kaiwa ƙololuwarsa. Tsawon hanyar tseren kusan kilomita 20 ne, tana da kwana 156. Ana tashi daga tsayin mita 2,862 a gama a mita 4,302, wato ana hawan mita 1,440. Tun a wurin tashi injin fetur marar tabocaja ya riga ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, kafin ya kai ƙarshe kuma asarar ta kai kimanin kashi 40. An kammala shimfiɗa wa hanyar kwalta a 2011, abin da ya sa gudu ya ƙaru ƙwarai daga gasar 2012.

A 2012 Carlin Dunne, ɗan tseren Amurka daga Kalifoniya, ya hau dutsen cikin minti 9 da daƙiƙa 52.8 a kan babur mai fetur ƙirar Ducati Multistrada, ya zama na farko da ya yi ƙasa da minti 10 a kan babur. A 2013 ya koma kan babur mai lantarki na kamfanin Lightning, ya gama cikin minti 10 da daƙiƙa 0.7. Wanda ya bi masa a baya, Bruno Langlois na Faransa, a kan Ducati mai fetur, ya yi minti 10 da daƙiƙa 21.3. Wannan ne karo na farko da babur mai lantarki ya zo na ɗaya a kan dukkan babura a gasar.

Duk da haka nasarar ba ta rufe babin ba. Lokacin da Dunne ya yi a kan lantarki bai kai wanda shi kansa ya yi a kan fetur shekara ɗaya kafin nan ba, kuma baburan fetur ne suka ci gaba da rage lokaci. Chris Fillmore ya yi minti 9 da daƙiƙa 49.6 a kan KTM a 2017, sannan Rennie Scaysbrook ɗan Ostareliya ya yi minti 9 da daƙiƙa 44.9 a kan Aprilia a 2019. Babban babur na tsere yana da ƙarfin da ya fi abin da tayar baya za ta iya riƙewa a kwana, don haka ko ya rasa kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage yana da yawa, ga shi ya fi mai batir sauƙin juyawa. A ɓangaren motoci, inda ake da wurin ajiye batir, lantarki ne ya karɓe tarihin gasar: a 2018 Romain Dumas ya yi minti 7 da daƙiƙa 57.1 a motar Volkswagen I.D. R, ya shafe minti 8 da daƙiƙa 13.9 da Sébastien Loeb ya yi a Peugeot mai fetur a 2013.

Ranar 30 ga Yuni, 2019, Carlin Dunne ya rasu yana da shekara 36, bayan ya yi hatsari dab da layin ƙarshe a kan Ducati mai fetur. Ya ci gasar sau huɗu, a 2011 da 2012 da 2013 da 2018. Masu shirya gasar sun dakatar da tseren babura bayan rasuwarsa, sannan a 2021 suka sanar da soke shi gaba ɗaya.

A Najeriya da sauran Afirka

Wuri mafi tsayi a Najeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419, wanda bai ma kai wurin tashin gasar Pikes Peak ba. Wuraren da masu babura suke haɗuwa da tsayi da doguwar hawa a lokaci guda su ne Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos, da hanyar da take hawa tsaunin Mambila zuwa Nguroje da Gembu a ƙaramar hukumar Sardauna, da tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba. A Jamhuriyar Nijar akwai duwatsun Azbin a yankin Agadas, inda ƙololuwar Idoukal-n-Taghès ta kai mita 2,022. A irin waɗannan wurare asarar injin fetur takan tsaya tsakanin kashi 10 da 20 cikin 100.

Birnin Kigali na ƙasar Ruwanda, wanda yake kan tuddai a tsayin da ya haura mita 1,500, yana cikin wuraren da aka fi gwada baburan haya na lantarki a Afirka. Kamfanin Ampersand ya fara aiki da su a can a 2019, bisa tsarin musayar batir, inda ɗan acaɓa yake ajiye wanda ya ƙare ya karɓi cikakke cikin 'yan mintoci. Daga watan Janairun 2025 gwamnatin ƙasar ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a birnin. Tsarin musayar batir yana rage matsalar ƙarewar caji a gari mai tuddai, muddin tashoshin suna kusa da juna.

A Najeriya abin da ya fi jawo hankali ga babur mai lantarki shi ne tsadar mai. Bayan sanarwar cire tallafin fetur da Shugaba Bola Tinubu ya yi ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira 1,000 a 2024.

Arewacin Jigawa

Ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda su ne masarautar Gumel, suna kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi da ba ta kai mita 400 sama da matakin teku ba. Tsayi kaɗai bai rage wa injin fetur fiye da kashi 4 cikin 100 ba a nan. Babur shi ne abin hawan da ya fi haɗa ƙauyuka da kasuwanni, musamman kasuwar dabbobi ta Maigatari da take ci ranar Alhamis a bakin iyaka da Nijar.

Zafi yana yin wani ɓangare na aikin da tsauni yake yi a wasu wurare. Da rana a watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40. A digiri 42 kaurin iskar yankin yana kusan daidai da na tsayin mita 1,400 a matsakaicin yanayi, kuma ya yi ƙasa da na safiyar hunturu da kusan kashi ɗaya cikin goma. Ƙarfin injin ba ya faɗuwa da wannan adadi duka, amma yana raguwa, ga shi injin da iska take sanyayawa yana shan wahala. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe matatar iska, wanda sakamakonsa ɗaya ne da na hawa tsauni: iska kaɗan, mai da yawa, baƙin fulogi.

Tuddan yankin jigayi ne, wato tarin yashi, kalmar da jihar ta samo sunanta daga gare ta. Tuƙi cikin yashi mai laushi yana ninka turjiyar taya sau goma ko fiye idan aka kwatanta da kwalta, don haka ga inji tamkar hawan tudu ne ko da hanyar a miƙe take. A nan ƙarfin juyin da injin lantarki yake bayarwa tun daga tashi yana da amfani, amma tafiya a hankali da kaya cikin yashi a tsakar rana ita ce yanayin da ya fi zafafa injin da batir, kuma yawan zafi yana rage wa batirin litiyam tsawon rai. Saboda haka a wannan yanki abubuwan da suke raba gardama tsakanin nau'o'in biyu su ne juriyar zafi, da nisan da caji ɗaya zai kai da kaya, da samun wurin caji ko musayar batir a ƙauyukan da wutar lantarki ba ta tsayawa, da samun makanike da kayan gyara a kusa.